Kambin Aro a Fadar Hunturu: Yadda Kokoshnik Ya Koma Kayan Shigar Biki

A watan Fabrairun 1903 aka yi wata liyafa a Fadar Hunturu da ke Sant Pitasbag, hedikwatar Rasha a wancan zamani, wadda har gobe masu ɗinka kayan wasan kwaikwayo suna cin albarkacinta. Sharaɗi ɗaya aka gindaya wa duk wanda katin gayyata ya isa gidansa: ya bar kwat da rigunan Faransa a akwati, ya zo da irin shigar da kakanninsa suke yi a zamanin Sarki Aleksei, wanda ya riƙe ƙasar daga 1645 zuwa 1676. Mutum kusan 400 suka hallara. Sarki Nikolas na Biyu ya fito a matsayin Aleksei ɗin, matarsa Aleksandira kuma ta fito a matsayin uwargidan Aleksei, Mariya Miloslabskaya. Dare biyu aka yi, 11 da 13 ga wata a tsohuwar kalandar Rasha, wadda take bin bayan ta sauran Turai da kwana 13.

Wanda duk ya buɗe hotunan bikin nan, kan matan idonsa zai fara sauka kafin ya nemi fuskar sarki. Kowace ta ɗora wani abu a tsaye bisa kanta, na wata kamar zankon zakara, na wata kamar tsinin ganye, na wata kamar jinjirin wata, an cika shi da surfanin zinariya da lu'ulu'u, ga wata raga mai kama da leshi ta zubo a goshi har ta kusa taɓa gira. Sunansa kokoshnik. Abin da ya ja hankalina a kansa shi ne, wanda aka ƙera domin shagalin dare biyu ya zo ya danne na asali, har ya zama shi ne duniya ta sani.

Kai ne yake faɗin matsayin mace

Sunan ya fito ne daga "kokosh", wata tsohuwar kalma ta kaza a harshensu, saboda yadda abin yake tsayawa a ka. A ƙauyuka da garuruwan Rasha na da, kan mace yakan faɗi matsayinta tun ba ta buɗe baki ba. Budurwa jela ɗaya take kitsawa ta sake ta a gadon baya, in ma za ta sa ado sai wanda tsakiyarsa take buɗe, gashi yana waje. Ranar aure ake warware jelar nan, a raba ta biyu, a naɗe a ka, a rufe ruf. Daga ranar ta daina fita kai a sake. Tsananin abin ya kai har suna da wata kalma wadda asalinta mace ce aka gani kai babu rufi, amma yau ma'anarta mutum ya tafka abin kunya a gaban jama'a. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan.

To, kokoshnik shi ne rufin kan matar aure na ranar kwalliya. Amarya takan sa shi a bikinta, sannan ta riƙa fito da shi a manyan ranakun coci da bukukuwan dangi. Ba a zuwa gona da shi. Kuma kowane yanki da irin nasa, ta yadda a kasuwa za a kalli kan mace a gane garinsu. Na Kostroma dogo ne mai tsini. Na wajen Biladimir da Nizhni Nobgorod faffaɗa ne, kunnuwansa biyu sun sauko kamar wata. Na Kargofol da ke arewa ƙarami ne kamar hula, amma ya sha lu'ulu'u. Na Toropets shi ne abin mamaki, domin an jera masa wasu curi-curi na lu'ulu'u a gaba kamar 'ya'yan itace. Abin da ya haɗa su duka shi ne bayan: akwai yadi mai laushi da yake rufe ƙeya da kitson gaba ɗaya. Tsayuwar gaba ado ce. Rufin baya shi ne dalilin yin abin.

Yadda ake yin sa

Ba kowace mace ce take iya ɗinka shi ba. Akwai gwanaye da suka mai da shi sana'a, wasu a birane, wasu a manyan ƙauyuka, wasu a gidajen ibadar mata masu zaman zuhudu, kuma ana kai aikinsu manyan kasuwannin shekara-shekara. Garin Torzhok ya yi suna a surfanin zinariya, har yau kuma ana yin sa a can.

Da surfani ake farawa, tun yadin yana shimfiɗe. Za a ɗaure karan-miski, galibi ja, a jikin katako mai kusurwa huɗu har ya yi tauri kamar fatar ganga, a zana fure ko tsuntsu ko bishiya mai rassa. Zaren zinariyar da ake magana a kai siririn falle ne na azurfa da aka shafa wa ruwan zinariya, aka naɗe shi a jikin zaren siliki ko na lilin. Wannan ya sa ba a cusa shi cikin yadi kamar sauran zare, don in ya ratsa sau biyu sau uku ƙarfen zai saɓule. Kwantar da shi ake yi a saman yadin, a bi shi da wani siririn zaren siliki ana ɗaure shi daki-daki. Gwaninta tana wajen ɗaurin nan: inda allura ta sauka a wannan layi, a layi na gaba sai a ɗan matsa, har wuraren ɗaurin su fitar da nasu zanen a cikin zinariyar, kamar saƙar tabarma. Idan ana son fure ya taso, sai a yanka siffarsa a kwali ko ɓawon bishiya, a ɗora a kan yadin, a lulluɓe shi da zaren. Dabarar tana da amfani biyu, ga kyau ga tsimi, tunda ko kaɗan zinariyar ba ta tafiya bayan yadi inda ido ba ya gani.

Sai lu'ulu'u. Wanda nake nufi shi ne farar ƙwayar nan da ake samu a cikin wata halittar ruwa mai ɓawo biyu, ba daimon ba. Kogunan arewacin Rasha, wajen Arkhangelsk da Olonets, suna da ita da yawa a da, shi ya sa matar manomi a can take iya mallakar abin da a wata ƙasa sai gimbiya. Ƙwayoyin ƙanana ne, kuma ba su cika zama daidai wa daida ba. Ana huda su, a ware su bisa girma, a zira a zare. Amma ba a ɗora su kai tsaye a kan karan-miski. Ana fara shimfiɗa farar igiyar auduga ko ta lilin a kan layin zanen, a ɗinke ta, sannan a kwantar da jerin lu'ulu'un a bisanta, ana ɗaurewa a tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Igiyar nan tana ɗaga su sama su kama haske, tana hana su birgima su karkace, kuma farinta yana cike gurbin da ke tsakaninsu, ta yadda jan yadin ba zai leƙo ya rage musu kyau ba. A ƙarshe a kewaye gefen da igiyar zinariya. Ni a ganina wannan farar igiya ita ce dabara mafi kaifi a duk aikin, kuma ita ce wadda mai kallo ba ya taɓa gani.

Ragar goshi ita ce ta fi kusa da abin da muke kira leshi. Babu yadi a ƙarƙashinta sam. Ƙananan ƙwayoyi ne ake zirawa a zare ko a izgar doki, ana saƙa su ido-ido kamar komar masunta, bakinta yana sauka baka-baka. Izga tana da tauri kaɗan, don haka ragar takan ɗan tashi daga goshi ta yi lanƙwasa maimakon ta manne. Ban da ita, akwai leshi na gaske da ake saƙawa da zaren zinariya da na azurfa a kan matashi da 'yan sanduna, ana kafa shi a bakin kambin ko a gefen mayafin da ake yafawa a sama.

Sai an gama duk wannan ake waiwayar ƙashin abin. Ana manna zane mai kauri falle bisa falle da gam, ko a yi amfani da takarda mai ƙarfi, a yanka siffar, a ja yadin da aka yi wa surfani a kai, a sa shafi na atamfa mai araha a ciki, a haɗa da rufin baya, a kafa igiyoyin ɗaurewa. Aiki ne na watanni. Saboda haka kokoshnik dukiya ne, uwa tana barin wa 'ya, ana lissafa shi cikin kayan da amarya ta zo da su, kuma gidan da ba su da hali sukan yi aro ranar biki. Da lu'ulu'un koguna ya yi ƙaranci saboda yawan kwasa, sai aka koma yanka ɓawon halittar kanta ƙanana-ƙanana, da duwatsun gilashi.

Yadda fada ta yar da shi, ta dawo ta ɗauka

Ɗan Aleksei ne ya kore shi daga fada. Pita na Ɗaya, wanda ake wa laƙabi da Mai Girma, ya fitar da dokoki a 1700 da 1701 da suka tilasta wa fadawa da mutanen birni shigar Turai ta yamma. Dokar ba ta hau kan manoma da limaman coci ba, kuma a garuruwa masu nisa da idon hukuma matan 'yan kasuwa suka ci gaba da abinsu. Ta haka adon kai na gargajiya ya zama na talaka da na attajirin lardi, matan fada kuwa suka koma gyaran gashi irin na Faransa.

Katarina ta Biyu, wadda asalinta Bajamushiya ce, ta fara dawo da shi, har akwai zanenta sanye da shi. Yaƙin 1812 da Napoliyon ya ƙara wa manya son abin da yake na gida. Sai a 1834 Nikolas na Ɗaya ya mai da shi doka: duk macen da za ta halarci babban taron fada sai da riga mai dogayen hannuwa da jela, da kokoshnik ko makamancinsa da farin mayafi a kanta. Dokar ta zauna har 1917.

Amma dubi abin da ya dawo. Wani ɗan baka ne da ake ɗorawa a tsakiyar ka, gashi a gyare a waje ta gaba, kafaɗu a buɗe. An ɗauki tsayuwar gaba, an bar rufin baya. Daga nan maƙeran zinariya suka karɓa, suka cire yadin ma gaba ɗaya, suka bar siffar kawai da daimon. A 1888 aka ba Aleksandira ta Ingila, yayar mahaifiyar Nikolas na Biyu, irin wannan kambi na sandunan daimon a bikin cikarta shekara 25 da aure, aikin kamfanin Garrard. Sarauniya Elizabet ta Biyu ta sha sa shi. Wato kafin 1903 ma, kokoshnik na fada ya riga ya yi nisa da na ƙauye.

Matsalar da masu shirya biki suka fuskanta

Nikolas na Biyu ba ya ƙaunar Pita sosai. Aleksei ne gwarzonsa, sarkin da ake wa kirari da mai sanyin hali, kuma sunansa ya sa wa ɗansa da aka haifa a 1904. Shekarar 1903 kuma ita ce ta 290 da hawan gidan Romanob, wato zuriyar su Nikolas, karagar mulki. Don haka bikin yana da manufa: a tsallake Pita, a koma Rasha ta kafin ya sa fadawa su aske gemu.

Sai dai wa ya san yadda matan fada suke shiga a 1660? Kayan maza da sauƙi, domin ma'ajiyar Kiremlin da ke Mosko tana da tufafin sarakuna, kuma daga can aka ɗauko wasu kayan asali aka haɗa wa Nikolas, har da sandar sarauta. Iban Bseboloshki, shugaban gidan tarihi na Hamitej wanda ya taɓa riƙe gidajen wasan kwaikwayo na sarki, shi da mai zane Ponomarob suka tsara kayan sarki da matarsa, telan gidan wasa mai suna Kaffi ya yi ɗinkin na sarkin. A lura da wannan: mutanen dandamali aka kira. Su kuwa aikinsu shi ne abu ya yi kyau daga nesa a ƙarƙashin fitila.

Adon kan mata ne ya fi wuya. Matan manya a zamanin Aleksei a kulle suke, ba a cika zana su ba, kuma abin da aka fi sanin matar aure ta gidan sarauta da shi a lokacin wani rufin kai ne da ake kira kika. Yawancin kokoshnik ɗin da suka rage a hannun mutane na ƙarni na 18 da na 19 ne, na matan 'yan kasuwa da manoma. Su ne ake iya gani a taɓa. Wata baiwar Allah mai suna Nataliya Shabelskaya ta yi shekaru tana yawo larduna tana sayen irin waɗannan kaya, har aka nuna tarinta a Chikago a 1893 da Faris a 1900. Ga kuma masu zane irin su Konstantin Makobski, wanda ya tara tsofaffin kayan ado yana ɗora wa matan da yake zanawa, yana fitar da hotunan bukukuwan manyan da, kowace mace da kambinta mai walƙiya. Idon jama'a ya riga ya saba da waɗannan zane-zane, har sun zama su ne "da" ɗin. An kuma taɓa yin irin wannan liyafa a 1883 a gidan Biladimir, ƙanen mahaifin Nikolas, saboda haka akwai abin koyi.

Sakamakon shi ne gauraye. Siffar ta matar lardi ce ta ƙarni na 18, girman na dandamali ne, dukiyar da aka zuba a kai kuma ta fadar 1903 ce. Babu lokacin da za a zauna ana jera lu'ulu'un kogi ɗaya bayan ɗaya na tsawon watanni, don haka matan da suke da akwatin gado suka buɗe shi, aka riƙa kafa sarƙoƙi da maƙalai da manyan duwatsu a jikin karan-miskin. Zeniya, ƙanwar sarki, ta fito da wani faffaɗan kambi da ya kewaye fuskarta kamar faifai. Gimbiya Zinaida Yusufoba, wadda gidansu yake cikin mafi arziki a ƙasar, ta zo da nata mai ragar lu'ulu'u a goshi. Ita Aleksandira matar sarki kambin sarauniya ta sa, da wani ƙaton zumurrudu a ƙirji. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce Mariya, 'yar Sarkin Girka da ta auri ɗan gidan Romanob: shigar matar manomin Torzhok ta yi. Manomin Torzhok da zai ga kayan da aka ce na matarsa ne, da ya riƙe baki.

Duk wanda ya taɓa ɗora kaya a ka ya san inda gizo yake saƙa. Kokoshnik na asali ba shi da nauyi sosai, domin zane ne da takarda da ƙananan ƙwayoyi, kuma rufin baya yana kama kitso ya riƙe shi. Da zarar an ƙara masa tsawo, an loda masa ƙarfe da manyan duwatsu, an kuma rage abin da yake kama ƙeya, to nauyin ya koma sama da gaba, wuya ne zai biya. Shi ya sa matan da ke cikin hotunan suke tsaye ƙiƙam, haɓa a ɗage. Wani ɓangare na wannan kwarjini dole ce ta kawo shi.

A daren farko an yi wasanni a ƙaramin gidan wasa na Hamitej, Fedor Shaliyafin ya yi waƙa, Anna Fabloba tana cikin masu rawa. A dare na biyu aka yi rawar manya. An koya musu rawar gargajiya tun kafin ranar, kuma Yusufoba da Elizabeta, yayar Aleksandira, su ne suka ja gaba. Amma bayan nan sai aka koma rawar da ƙafafunsu suka saba da ita, wadda aka aro daga Biyana da Faris, namiji riƙe da mace suna juyi, cikin tufafin zamanin da mace ba ta ma zama a ɗaki ɗaya da baƙi. Sarki da matarsa kuwa da Turancin Ingilishi suke rubuta wa juna wasiƙa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, sai dai a nan aron daga kakanninsu suka yi shi. A cikin hidimar ne Mikha'il, ƙanen sarki, ya yar da wani babban maƙalin daimon da ya aro wajen mahaifiyarsu ya kafa a hularsa, aka bincike fada ba a gan shi ba.

Abin da ya biyo baya

Aleksandar Mikhailobich, mijin Zeniya, wanda ya yi shigar mai kula da shahon farautar sarki a daren, ya rubuta daga baya yana gudun hijira cewa suna rawa ma'aikata suna yajin aiki, hadari kuma yana haɗuwa a gabas mai nisa. Shekara guda bayan bikin yaƙi da Japan ya ɓarke. A Janairun 1905 sojoji suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a kan hanyarsu ta zuwa wannan fada. A 1917 Nikolas ya sauka, a Yulin 1918 aka kashe shi da matarsa da 'ya'yansu a Yekaterinbag, Elizabeta ma aka kashe ta a Alafayebsk. Ba a sake yin liyafar shiga mai girman wannan ba.

Hotuna ne suka tsira. Bisa umarnin Aleksandira aka ɗauki mahalarta ɗaya bayan ɗaya cikin kayansu, aka buga kundi mai hoto kusan 200 a 1904. Daga kundin nan aka zana wata karta a 1911, aka fitar da ita a 1913 lokacin bikin shekara 300 na gidan Romanob. Abin mamaki, gwamnatin Sobiyet da ta kifar da gidan ta ci gaba da buga kartar shekara da shekaru, mutane suna caca da fuskokin da aka kwaikwayo daga bikin ba tare da sun sani ba. A ƙauyuka kuwa ana ta daina sa kokoshnik na gaske, tsofaffi suna mutuwa, na akwati suna tafiya gidajen tarihi. Wanda ya rage a idon jama'a shi ne na karta, na dandamali, na masu rawar gargajiya da gwamnati take turawa ƙasashen waje: dogo, mai ƙyalli, buɗaɗɗen baya.

Sai ga Sinegurochka. Yarinya ce ta tatsuniya da aka yi da dusar ƙanƙara, wadda wasan kwaikwayon Aleksandar Ostrobski na 1873 ya fito da ita fili. Bayan an dawo da bikin bishiyar sabuwar shekara a Tarayyar Sobiyet a 1935, sai aka mai da ita jikar Ded Moroz, tsohon da yake raba wa yara kyauta. Tun daga nan, duk ƙarshen Disamba, makarantun yara a Rasha suna bukatar 'yan mata cikin fari da shuɗi da kambi a ka. Rufin kan matar aure ya koma kan 'yar shekara biyar, jelarta ɗaya tana lilo a baya.

Kambin leshi na yau

Iyaye mata da teloli masu yin sa yanzu hanya biyu suke bi. Ta farko jikar ta da ce kai tsaye: a yanka kwali, a rufe da yadi mai sheƙi, a yi ado. Ta biyu ita ce ta fi kyau, kuma ita ce ta haɗu da kambin leshin da ake yi wa yara a ko'ina a duniya. Ana lanƙwasa waya a fitar da siffar, a naɗe wayar da farin ƙyalle don kada ta yi tsatsa ta ɓata aikin, a ja siririyar raga a kai, sannan a yanko furannin leshi a jera. Leshin da ya dace shi ne mai kauri mai huda-huda, wanda ba shi da yadi a ƙarƙashi. Shi wannan asalinsa surfanin inji ne: ana yin sa a kan wani yadi, sannan a narkar da yadin a bar zaren yana riƙe da juna, dabarar da ta fito daga yankin Sant Galen na Suwizalan a shekarun 1880. Irinsa yana cikin leshin da matanmu suke saya na biki, kuma ragowar da take zuba a ƙarƙashin teburin tela ta isa kambin yarinya.

In babu waya, sai a sa leshin ya tsaya da kansa. Ana jiƙa shi a abin da zai sandarar da shi, a matse, a naɗa a jikin tukunya ko gwangwanin da aka rufe da leda, a ja kowane tsini ya miƙe, a bar shi ya bushe sarai. Sitaci yana yi, amma da ya sha gumi ko raɓa sai ya langaɓe. Ruwan sukari yana ba da tauri kamar gilashi, sai dai kiran tururuwa ne, kuma damina ba ta raga masa. Farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa kaɗan shi ne mai daɗewa, in an shafa sau biyu ko uku ana bari yana bushewa a tsakani. Fenti na ruwan zinariya ko azurfa yana zuwa ne bayan taurin ya kama, duwatsu kuma bayan fenti, in ba haka ba za a dusashe su. Manyan duwatsu a ƙasa kusa da goshi, ƙanana a sama, saboda dalilin da wuyan matan 1903 ya sani. Dutsen da aka ɗinka ya fi wanda aka manna zama, balle a kan yaro da zai yi tsalle. Masu haƙuri har yanzu suna shimfiɗa farar igiya kafin su jera duwatsun roba a kai, kuma bambancin yana fitowa ko daga bayan ɗaki. Ragar goshi ma tana nan, sai dai zaren kamun kifi ya maye gurbin izga.

Wasu daga cikin kayan bikin 1903 suna ajiye a Hamitej, na Nikolas kuma yana Kiremlin. A ranar 1 ga Yulin 2018, a filin wasa na Luzhniki da ke Mosko, Rasha ta yi kunnen doki 1-1 da Sifaniya a gasar cin kofin duniya, ta kuma fitar da ita a bugun fenareti. Ana cikin wasan kyamara ta hasko 'yan kallo uku a jere suna cin burodi, kowanne da kokoshnik a kansa, kafin gari ya waye hoton ya zaga duniya, masu sayar da kayan tsaraba suka shiga ciniki. Ɗaya daga cikin ukun mace ce, biyun maza.